Yadda Nake Koya wa Ɗaliban Jinya Riƙon Amanar Marar Lafiya

Ranar da zan fara darasin ɗa'ar aiki da sababbin ɗalibai, ba na shiga aji da littafi. Benci nake sa a jawo gaban allo, in ce mutum ɗaya ya zo ya kwanta. Sai an yi ta kallon-kallo kafin wata ta daure ta fito. Idan ta kwanta, sai in kira biyar su kewaye ta, su tsaya a kanta, su yi ta magana da Turanci a kan ciwon da na ce tana da shi. Kada wadda ta gaishe ta, kada wadda ta kira sunanta, kada wadda ta dubi idonta. Ɗaya ta kama hannunta ta ɗaga, ta sake shi, ba tare da ta ce uffan ba. Minti uku nake ba su. Tana tashi sai in tambaye ta, "'Yata, me kika ji?" Shekara da shekaru amsar ba ta cika sauyawa ba: "Malama, ji na yi kamar ni ba mutum ba ce." Kuma fa wannan lafiyarta ƙalau, da suturarta a jikinta, tana cikin ƙawayenta, ta san gwaji ne.

Ga 'yan'uwana malaman makarantun jinya da na ungozoma nake wannan rubutu, musamman waɗanda aka ɗora wa darasin a bana suna tunanin ta ina za su kama. Ni ma haka aka miƙa mini shi. Na yi shekara biyu ina karanta wa yara ma'anoni suna kwafa, suna cin jarrabawa, sannan in fita zagayen ɗakunan kwanciya in tarar da wadda ta fi kowa maki tana daka wa sa'ar kakarta tsawa. Abin ya dame ni ƙwarai, har na zauna na sake shirin darasin daga tushe. Abin da na gano shi ne, ɗa'a a bakin gado ake ɗaukarta, ido ke koyar da ita. Aji share fage ne, amma idan aka share shi da kyau yana da amfani.

Ku fara da harshe. Littattafanmu da Turanci suke, jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da Turanci ake yinta, wannan ba mu da ta cewa a kai. Amma tsohuwar da aka kawo daga Kura ko Bichi da Hausa za a yi mata magana, kuma yaron da ya haddace ƙa'ida da Turanci sau da yawa bai taɓa haɗa ta da abin da bakinsa ke furtawa da Hausa ba. Don haka ƙa'idojin nan huɗu da wasu masana biyu 'yan Amurka suka tsara a 1979, waɗanda ke cikin kowane littafin ɗa'ar aikin lafiya, ina sa ɗalibai su fassara su da kansu, a yi ta gardama har a daidaita. Inda muka saba tsayawa shi ne: jikin mutum nasa ne, shi ke da ta cewa a kansa, yi masa abin da zai amfane shi, kada ka cutar da shi, kada ka fifita wani a kan wani ba bisa buƙata ba. Da mun zo kan ta uku, akwai wanda zai ɗaga hannu ya ce ai wannan hadisi ne, "La darara wa la dirar," na 32 a Arba'una Hadis, tun yana Islamiyya ya haddace shi. Ɗalibanmu Kiristoci kuma su kawo labarin Basamariyen da ya tsaya ya ɗaure wa baƙo rauninsa a kan hanya. Ina jin daɗin wannan lokaci, domin a nan yaro ke gane cewa abin da ake nema a wurinsa ba baƙo ba ne, tun daga gida ya taho da rabinsa.

Tarihi ba na daɗewa a kansa. Su san Florence Nightingale, da dalilin da ya sa ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya duk 12 ga Mayu, ranar haihuwarta a 1820. Su san Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta fitar da kundin ɗa'arta na farko a 1953, ta sabunta shi a 2021. Su kuma san Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ke da hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, inda aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Awa ɗaya ta isa.

Inda nake zama da gaske shi ne neman izini, domin mu Kanawa muna da tabo a wannan wuri. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ɗalibaina na yanzu ba a haife su ba a lokacin, amma iyayensu sun sani, kuma wannan labari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka koma a 2004. Ina faɗa musu: duk mahaifin da ya tsare ki da ido ya ce "Wannan allurar ta mece ce?" yana da hujjar tambaya. Kada ki ce masa "Baba, kai dai riƙe min yaron." Ki faɗa masa sunan maganin, da aikinsa, da abin da zai iya gani bayan an yi. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta a sanar da marar lafiya halin da yake ciki, da zaɓin da yake da shi, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma da harshen da yake ji.

Bayan bayani sai wasan kwaikwayo, kuma kullum da abin da ke faruwa a garin nan muke yi. Ga wanda na fi maimaitawa. Mace ta kwana tana naƙuda, likita ya ce sai an yi tiyata. Miji yana Kantin Kwari, wayarsa ba ta shiga. Uwar miji tana bakin ƙofa tana cewa a danginsu ba a taɓa yanka mace ba, a ƙara haƙuri. Ita kuma mai naƙudar ta kasa cewa komai a gaban surukarta saboda kunya. Ina raba matsayi, in koma gefe in yi shiru. Kusan ko da yaushe, wadda ta fito a matsayin nas tana ɓata lokacinta ne wajen jayayya da tsohuwar, ta manta da wadda ke kan gado. Sai in tsayar da wasan, in tambayi aji: a cikin mutanen nan wa za a yanka? Daga nan mu sake. Wannan karon nas ta roƙi tsohuwar cikin ladabi, "Mama, don Allah a ba mu minti biyu zan duba ta," ta ja labule, ta sunkuya daidai kunnen matar, ta tambaye ta ko ta fahimci abin da likita ya ce, da abin da ita kanta take so. Baligar mace mai hankalinta tana da ikon ba da izini a kan jikinta, ko ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Duk da haka muna ci gaba da neman mijin, muna rarrashin tsohuwar da bayani, domin gidan nan matar za ta koma da ɗinki a cikinta. Bayanin tiyata da karɓar izini aikin likitan da zai yi ta ne. Na nas shi ne ta tabbata an fahimta, ta zama shaida, ta kuma buɗe baki idan ta ga sa hannun na tsoro ne.

Sai rufin asiri. Kano babban gari ne, amma ba a rasa wanda ya san wani. Wadda kika yi wa awon ciki da safe, wataƙila 'yar ƙanwar maƙwabciyarku ce. Na taɓa shiga adaidaita sahu daga Kofar Mata, ɗalibai biyu da fararen kaya suna gefena suna hirar wata amarya da gwajinta ya nuna tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ba su kira suna ba. Amma sun faɗi unguwa, sun faɗi sana'ar mijin, sun ce satin jiya aka ɗaura auren. Direban yana ji, matar da ke kusa da ni ta daina latsa wayarta tana saurare. Ba ɗalibaina ba ne, amma da muka sauka na kira su gefe na yi musu magana, kuma tun daga ranar nake ba da labarin a kowane aji, in tambaya: bayani nawa ake buƙata kafin a gane mutum a unguwarku? Sukan ce biyu sun isa. Sashe na 26 na dokar 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da zamansa a asibiti sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu ko doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari, da wasu 'yan togaciya makamantansu. Akwai kuma wata doka daban ta 2014 da ta haramta nuna wa masu cuta mai karya garkuwar jiki wariya. Hausawa sun riga sun taƙaita: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Waya kuwa sai an yi mata darasi na musamman, domin yaran yanzu ba sa ganin ɗaukar hoto a matsayin tona asiri. Jariri ya zo kyakkyawa, a ɗora shi a WhatsApp da "Masha Allah." An yi haɗari a titin Zariya, a ɗauki raunin a tura wa 'yan aji wai don karatu. A yi bidiyon TikTok da kayan aiki, ga marar lafiya can baya a kwance. Dokata a fili take tun ranar farko: babu hoton marar lafiya, ko na sashen jikinsa, ko na katinsa, a wayar ɗalibi. Ba na sassautawa a wannan, ko da niyyar mai kyau ce.

Akwai wani laifi da ba ya ƙara, ba ya jawo faɗa, kuma shi na fi jin tsoro: rubuta abin da ba a yi ba. Wani dare na je duba ɗalibai a ɗakin masu ciki na wani asibiti. Wuta ta ɗauke, da fitilar waya muke aiki. Na ɗauki takardar awon wata mai ciki wata takwas, na ga an rubuta hawan jininta 120/80 har sau huɗu a jere, da biro ɗaya, da rubutu iri ɗaya, kamar a zama ɗaya aka cike. Na dubi matar. Ƙafafunta da hannayenta sun kumbura har zoben yatsanta ya nutse, ta dafe goshi. Na ce, "Sannu Hajiya, kai ne ke ciwo?" Ta ce tun magariba, kuma tana ganin wasu taurari-taurari. Na ɗaura abin awo da hannuna: 170/110. Daga 140/90 ake fara damuwa da mai ciki, daga 160/110 kuwa an shiga haɗarin jijjiga. Muka kira likita, aka fara magani a daren, Allah ya kiyaye. Da gari ya waye na zauna da ɗalibar da ta cike takardar, mu biyu. Kuka take yi, ta ce abin awon ɗaya ne a ɗakin, wata ta ɗauka ba ta dawo da shi ba, ta ji tsoron a zo a ga gurbi a takarda, kuma ta ga wasu manya na cikewa haka.

Jimlarta ta ƙarshe ita ce ainihin matsalar darasinmu. Ina koya wa ɗalibai cewa gurbi a takarda tare da dalilinsa ya fi lambar ƙarya sau dubu: ki rubuta ba a auna ba, babu abin awo, an sanar da sista, ki sa lokaci da hannu. Idan kika yi kuskuren rubutu, ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, ki sa hannu, kada ki goge. Idan kuskuren magani ne, minti ɗaya kada ki ɓata, ki faɗa, domin wani kuskuren ana iya tare shi idan an ji da wuri. Amma yaro ba zai faɗi kuskure ba idan ya san tozarci ne zai biyo baya. Saboda haka malami ya yanke shawara tun wuri: wanda ya kawo kansa, a gyara masa a keɓe, a gode masa da ya faɗa; wanda ya ɓoye aka gano, shi ne hukunci ke hawa kansa. Waccan ɗaliba ta maimaita zamanta a ɗakin masu ciki, kuma ban sake ganin lambar da ba ta auna ba a takardarta.

To yaya ɗalibi zai yi idan babba ne ke kan kuskure? Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma ba na son a rushe wannan. Yarinya 'yar shekara 19 ba za ta iya duban sista mai shekara 25 a aiki ta ce mata kin yi ba daidai ba, kuma ba na umartar ta da abin da na san ba za ta iya ba. Kalmomi nake ba ta, mu yi ta maimaitawa a aji har su zauna a baki. "Sista, don Allah ko za mu sake duba katin tare, kamar na ga an rubuta rabin wannan." "Sista, bari in riƙe mata hannu." "Sista, in jawo labule?" Sau da yawa wannan kaɗai na isa ya dawo da mutum hayyacinsa ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Idan abin ya wuce haka, kamar marin mai naƙuda, ko zagin ta da maganar da ba ta faɗuwa, ko karɓar kuɗi a ɓoye, ɗalibi ya zo wurina, ni zan je wurin metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, kuma sunansa ba zai fito daga bakina ba. Dole malami ya cika wannan alƙawari. Ranar da ya saɓa sau ɗaya, ba wanda zai sake kawo masa magana.

Maganar ɗakin haihuwa tana ci mini rai. Mata da yawa a garin nan sun gwammace su haihu a gida, kuma idan ka zauna da su za ka ji tsawa da gori na cikin dalilansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a 2014 a kan wulaƙanta mata lokacin haihuwa a asibiti, abin ba namu ne mu kaɗai ba, amma namu ne ya dame ni. Matar da aka ci wa mutunci a haihuwar fari ba za ta dawo a ta biyu ba, sai jini ya ɓalle a kawo ta a makare.

Kada kuma mu yi wa ɗalibai ƙarya game da yanayin aikin. Za su tarar da nas ɗaya a kan ɗaki guda cike da gadaje, safar hannu ta ƙare, abokan aiki sun tafi Saudiyya da Ingila, ga 'yan jinya a fusace. Ina faɗa musu haƙƙinsu kamar yadda nake faɗa musu na marar lafiya: sashe na 21 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ba ma'aikacin lafiya damar janye hannu daga wanda ya zage shi, ko ya doke shi, ko ya neme shi da lalata, ban da masu taɓin hankali, sannan ya kai rahoto. Amma sashe na 20 ya hana a ƙi ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya ƙi yana fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Tun 2017 kuma doka ta wajabta karɓar wanda aka harba ko da takardar 'yan sanda ko babu. Su san cewa Hukumar da za ta ba su lasisi tana da kotun ladabtarwa da ke iya cire sunan mutum daga rajista.

Sanayya da na goro suna da wuyar koyarwa, domin a wajen asibiti alheri ake kiran su. Kawunka ya zo ya tarar da layi, kai kana ciki da fararen kaya. Idan ba ka shigar da shi ba, za a ji a gida. Ina gaya musu layi iri biyu ne kawai: wanda ya riga zuwa, da wanda ciwonsa ba zai jira ba. Ka fita ka gaida kawu, ka samo masa wurin zama, ka gaya masa saura mutum nawa. Almajirin da ba shi da kowa, da Bafulatanar da ba ta jin Hausa sosai, da ɗan Sabon Gari, da Alhajin da ya zo da rakiya, gaisuwa ɗaya za a yi musu. Na goro kuwa, abin da aka miƙo kafin aiki ko a tsakiyar jinya ba kyauta ba ne, saye ne, kuma talakan gadon kusa yana kallo. A mayar da shi cikin fara'a: "Baba, addu'a ta ishe mu."

Wajen ba da maki, jarrabawar takarda rabi ce a wurina. Kowace Alhamis da yamma muna zama, kowa ya zo da shafi ɗaya da ya rubuta, da Hausa ko Turanci, a kan abu guda da ya gani a makon ya tsaya masa a rai, ba sunan marar lafiya, ba sunan ma'aikaci. Mu zaɓi biyu mu tattauna. Sauran makin a ɗakin kwanciya nake tara shi, kuma ba na sanar da zuwana. Ina tsayawa daga nesa in ga ko ta yi sallama, ko ta faɗi sunanta, ko ta ce "Inna" ko "Malam" maimakon "gado na shida," ko ta wanke hannu, ko ta duba suna da magani da adadi da hanya da lokaci kafin ta ba da allura. Na taɓa ganin wata a ɗakin da labulensa ya tsinke, za ta wanke wa wata dattijuwa rauni a cinya. Ba wanda ya ce mata komai. Ta ari zani a wurin 'yar jinya, ta sa ƙawayenta biyu suka riƙe shi ta gefe biyu suka juya baya, sannan ta durƙusa ta ce, "Iya, zan ɗaga zaninki kaɗan, daidai wurin ciwon kawai."

Kafin in sa hannu a littafin aikin kowane ɗalibi, ina zuwa wurin marasa lafiya biyu ko uku da ya yi wa hidima, bayan ya tashi daga aiki. Ba na tambayar su ko yana da kirki, domin mutanenmu ba za su kushe wanda ke ba su magani ba. Tambaya biyu nake yi: "Kin san sunan yarinyar da ke duba ki?" da "Ta gaya miki maganin nan na mene ne?" Idan an amsa duka biyun, in sa hannu. Idan ba a amsa ba, in kira ɗalibar washegari da safe mu koma bakin gadon tare, ni in tsaya a baya, ita ta yi sallama ta fara daga sunanta.